Malamin lissafi daga Kano a makarantar Ingila

A watan Fabrairun 2023 ma'aikatar ilimi ta Ingila ta saka Najeriya cikin ƙasashen da malamansu za su iya neman shaidar cancantar koyarwa a makarantun gwamnatin ƙasar, da sharaɗin malamin ya ƙware a lissafi ko kimiyya ko harsuna, domin a waɗannan fannoni ne suke fama da ƙarancin malamai. Ni malamin lissafi ne, na daɗe ina koyarwa a wata sakandaren gwamnati a jihar Kano, saboda haka na tattara takarduna, na karɓi wasiƙar tabbatarwa daga hukumar rajistar malamai ta TRCN, na nema, aka kuma ba ni. Bayan haka sai neman makarantar da za ta ɗauke ni ta tsaya mini wajen biza, har Allah ya sa na dace da wata a Bradford, a arewacin Ingila.

Zaman Bradford bai yi mini wuya ta inda na zata ba. Masallatai sun wadata, naman halal yana ko'ina saboda yawan Musulmi 'yan asalin Pakistan. Sanyi da duhun hunturu, lokacin da magariba take yi kafin ƙarfe huɗu na yamma, sun takura wa iyalina ƙwarai, haka nan tsadar haya da kuɗin ɗumama gida, amma a hankali mutum yana sabawa. Inda na sha wuya shi ne cikin aji, wurin da na ɗauka na fi sani.

A gida, da zarar an ce malam, rabin aikin tsawatarwa ya ƙare: ɗalibai sukan miƙe su gaishe ka, iyaye kuma sun riga sun damƙa maka amanar yaro. A nan yaro ɗan shekara goma sha uku zai dube ka ido cikin ido ya tambaye ka amfanin abin da kake koya masa, kuma yana jiran amsa ta gaskiya. Babu zancen bulala, domin majalisar dokoki ta haramta dukan ɗalibai a makarantun gwamnati tun 1986. Girman da malami yake samu a nan, da aikinsa yake samunsa, darasi bayan darasi.

Shugabar sashen lissafi ce aka ɗora wa kula da ni. Ta shiga ajina ta zauna a baya, bayan an tashi ta yaba yadda na yi bayani, sannan ta yi mini tambaya ɗaya: lokacin da na tambayi yara ko sun gane, suka gyaɗa kai, mutum nawa ne cikin talatin ɗin suka gane, kuma su wane ne? Ta ce wannan ɗabi'a ce ta malamai a ko'ina, har da ita kanta a farkon aikinta. Duk wanda ya yi makaranta a ƙasar Hausa ya san wannan kiran da amsarsa: malam ya ce "Kun gane?", aji ya amsa da murya ɗaya "E, malam!", a wuce zuwa gaba. Amsar ladabi ce, ladabi kuma abu ne mai kyau, amma ba ta gaya wa malami komai game da abin da yake cikin kan yaro.

Ita ce ta fara ba ni labarin aikin Paul Black da Dylan Wiliam na kwalejin King's da ke Landan, waɗanda a 1998 suka yi nazarin bincike kusan 250, suka nuna cewa ɗalibai sun fi ci gaba idan malami yana gwada fahimtarsu a tsakiyar darasi, yana kuma sauya koyarwarsa bisa abin da ya gano, maimakon ya jira jarrabawar ƙarshen zango ta sanar da shi lokacin da gyara ya riga ya wuce. Masu rauni a aji su ne suka fi cin moriyar wannan. A makarantarmu kowane ɗalibi yana da ɗan farin allo da alƙalamin da ake gogewa. Na rubuta tambaya, rabi a tara da sulusi, kowa ya rubuta amsarsa, su ɗaga alluna a lokaci guda. Wasu sun rubuta biyar bisa shida, wadda ita ce daidai, amma da yawa sun rubuta biyu bisa biyar, wato sun tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Cikin ƙiftawar ido na ga waɗanda suka kuskure, na kuma ga irin tunanin da ya kai su ga kuskuren. Sai na ajiye abin da na shirya, na zana da'ira na raba ta, na tambaye su yadda za a yi mutum ya ƙara wani abu a kan rabi ya samu abin da bai kai rabi ba. Wannan tambayar ta fi duk bayanin da na yi a baya tasiri.

Akwai kuma binciken Mary Budd Rowe a Amurka a farkon shekarun 1970, wadda ta auna ta gano cewa malamai sukan jira kimanin daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, kuma idan aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi sukan yi tsawo, yaran da ba su saba magana ba su fara buɗe baki. Yaran da Turanci ba harshen gidansu ba ne, ga su da yawa a ajina daga Sulobakiya da Sudan da Pakistan, sun fi kowa buƙatar wannan shirun.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda bincike ya shiga hirar yau da kullum ta ɗakin malamai. A 2011 aka kafa gidauniyar EEF da fam miliyan 125 daga gwamnati, aikinta gwada hanyoyin koyarwa a ainihin makarantu da tattara sakamakon ta yadda malami zai karanta ya gane, har da kwatanta tsadar kowace hanya da amfaninta. Kowane darasi namu yakan fara da tambayoyi kaɗan kan abin da aka yi jiya, da makon jiya, da zangon da ya wuce, ba tare da duba littafi ba. Hujjar malaman makarantar ita ce irin gwajin da masu bincike Roediger da Karpicke suka buga a 2006, inda ɗaliban da suka yi ƙoƙarin tuno abin da suka karanta suka fi waɗanda suka yi ta maimaita karantawa riƙe shi bayan mako guda. Da na ji haka na tuna makarantar allon da na yi ina yaro, inda ba a wanke allo sai ka biya da ka, kuma alaramma ba ya barin ka ci gaba ba tare da tilawar baya ba. Na faɗa wa abokan aikina cewa mahaddatanmu sun daɗe suna wannan, suka saurara da sha'awa. Bambancin shi ne a lissafi tunawa kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa ta da sanin dalili.

Duk da haka ba komai na karɓa hannu bibbiyu ba. Bayanan EEF suna nuna cewa rage yawan ɗalibai a aji yana da tsada kuma amfaninsa kaɗan ne, sai dai idan an rage sosai. Wannan magana ta fito ne daga ƙasashen da ake gardama tsakanin ɗalibai talatin da ɗalibai ashirin da biyar a aji. A Ingila doka ma ta hana ajin yara 'yan shekara biyar zuwa bakwai wuce talatin. Ni kuwa na koyar da ajin da ya haura ɗari, wasu a kan taga, wasu a ƙasa. Ina tsoron ranar da wani jami'i a gida zai ɗauki wannan sakamako ya ce ai bincike ya nuna cunkoso ba matsala ba ne. Bincike yana magana ne a kan yanayin da aka yi shi, kuma alhakin malami ne ya san ko yanayin ya yi kama da nasa.

A nan ma ana zaluntar bincike. Sau da yawa akan mai da shawara mai kyau ta zama doka da fom da za a cike domin a burge masu duba makarantu na Ofsted, sai malami ya kwana yana rubuce-rubucen da yaro ba zai karanta ba. Kusan kashi ɗaya bisa uku na sababbin malamai a Ingila suna barin aikin cikin shekara biyar, kuma wannan ne ɗaya daga cikin dalilan da suka sa aka nemo irinmu daga nesa. Babu kuma wani jadawali da zai gaya mini cewa yarinyar da ta yi shiru yau ba ta karya kumallo ba ce, ko cewa yaron da yake ta da hankalin aji yana ɓoye rashin iya karatu ne. Wannan sai wanda yake tsaye gabansu kullum.

Har yanzu ina cikin zauren WhatsApp na tsofaffin abokan aikina a Kano, kuma wani lokaci nakan ba su labarin abin da nake gani. Ɗaya daga cikinsu ya ce mini, "Malam, mu ina muka ga farin allo?" Sai ya sa yaransa suka yanko kwali, kowa ya riƙe guntun alli. Ya rubuto mini daga baya cewa a gwajin farko ya gano yara da dama a aji ɗaya na ƙaramar sakandare ba su iya ɗebewa da aro ba, alhali manhaja ta kai su ga aljabara. Yanzu yakan ware minti goma sha biyar a farkon kowane darasi, ya kasa su rukuni-rukuni gwargwadon inda kowa ya tsaya, irin tsarin da ƙungiyar Pratham ta ɓullo da shi a Indiya, ya kuma sa waɗanda suka iya su taimaka wa waɗanda ba su iya ba, sannan ya koma kan manhaja.