Lisans ɗin da ba shi da suna ɗaya

Ranar da na karɓo takardar lisans, wato digirin farko na jami'a, kai tsaye Kasuwar Dole ta Damagaram na wuce, inda Baba yake sana'ar dukanci. Ya goge hannu a riga, ya karɓa, ya sa albarka, sannan ya ce, "To kai yaro, in an tambaye ni, me zan ce ka zama?" Ɗan baffana da muka ci bak (jarrabawar gama sakandare) tare aikin jinya ya karanta, kalma ɗaya ta ishe shi. Ni kuwa shekara 3 na yi ina haɗa labarin ƙasa da ilimin zamantakewa da tattalin arziki da ɗan lissafin ƙididdiga. Na ce, "Baba, raya karkara." Ya gyaɗa kai, amma na ga amsar ba ta zauna masa ba.

Kuɗin rajista ba shi ne ya ci mu ba. Haya da abinci da fotokopi sun fi shi, kuma abin da ya fi duka tsada shi ne shekara ukun da ban zauna shago ba, har sai da Baba ya ɗauki yaro yana biyansa.

Kwankur, wato jarrabawar neman aikin gwamnati, ne ya fara nuna mini inda gizo yake saƙa. Sanarwar ɗaukar aikin gwamnati takan faɗi takardar da ake so da sunanta: lisans a shari'a, lisans a kontabilite (aikin akanta), lisans a lissafi. Sau biyu ana mayar mini da takarduna tun kafin ranar jarrabawa, wai sunan da ke kan difloma bai dace da abin da aka nema ba. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, domin da na yi tambaya kafin in yi rajista, da na sani. Na yi sarbis sibik, wato bautar ƙasa, shekara 2 ina koyar da tarihi da labarin ƙasa a wata kwaleji ta wajen Mirriya, abin da ake ba mu bai wuce na ci da na kabu-kabu ba.

A aikin anketa na fara ganin amfanin karatuna. Wani porje ya ɗauke mu muna zagaya ƙauyukan Magariya da Kance da Dungas, muna cike tambayoyi a waya. Tambayar tana neman kilo, manomi kuwa dami ya sani, matarsa tiya ta sani. Ana tambayar mutum nawa ne a gida, alhali gandu ne: uba da 'ya'yansa masu aure suna noma gona ɗaya, kowa kuma da gayaunarsa. Akwai maigidan da ba ya son ƙidaya 'ya'yansa a gaban baƙo, akwai uwar da ba ta kama sunan ɗan fari. Wanda lissafi kaɗai ya karanta sai ya rubuta lambar da aka ba shi ya wuce. Wanda zamantakewa kaɗai ya karanta ya gane matsalar, amma mayar da dami zuwa kilo ya gagare shi. Ni na iya biyun, kuma da dare na koya wa kaina manhajar lissafi ta Excel da ta taswira QGIS a kan tsohuwar kwamfuta, har na fara zana taswirar rijiyoyi da kasuwanni. Daga nan aka mayar da ni shugaban ayari. Kuɗin tafiyar wata ɗaya yakan ninka mafi ƙarancin albashin Nijar sau da dama, wanda a 2024 aka mayar jika 42 na sefa a wata. Sai dai a yi wata ɗaya ana aiki, a yi uku ana shan shayi a fada ana jiran kiran waya.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, masu ba da tallafi da yawa suka dakatar da kuɗi, iyakar Najeriya ta rufe, kiran ya ɗauke ɗif. Ɗan baffana yana asibiti, aikinsa bai motsa ba. Ni kuwa na koma shago ina shafa wa fata mai. A watannin nan na yi ta lissafin abin da kowannenmu ya samu tun gama karatu, na ga jimillar ba ta yi nisa da juna ba, amma nasa yana zuwa wata-wata, ana ba shi bashi a kai, ya yi aure a kai. Nawa kuwa irin ruwan damina ne.

Kawu ne ya buɗe mini wata hanya. Yana fataucin riɗi da wake zuwa Kano, canjin naira da sefa yana cinye masa riba bai san ta ina ba. Ya ce, "Ɗana, tunda ka yi boko, zo ka duba mini littafin nan." Na raba masa kuɗin saye da na mota da na canji, kowanne da gurbinsa. Matarsa ta kai labari ga ƙungiyar matan da ke matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a unguwarsu, waɗanda suke son bashi amma ba su da mai tsara musu takardu. Na zauna da su kwana da kwanaki kafin in rubuta komai, domin sai na gane wace ce ke riƙe da asusu da gaske. Yanzu ƙungiyoyi huɗu da 'yan kasuwa biyu nake yi wa wannan aiki.

Bara ƙanwata ta ci bak, ta ce, "Yaya, in bi sawunka?" Na ce ta fara tattaro sanarwar kwankur na shekarun baya, ta ga wace takarda ake kira da suna, kuma in har haɗe-haɗen take so, ta riƙe sana'a ɗaya da za ta iya nunawa tun shekarar farko. Ta yi sati biyu tana bincike, ta zaɓi aikin ungozoma. Da kuɗin takardun matan man gyaɗa na biya mata rajista.