Ghosts 'n Goblins: sai da na kashe bos ɗin ƙarshe gem ɗin ya ce in koma farko

Duk wanda zai ce maka ya gama Ghosts 'n Goblins na NES, tsohuwar na'urar gem ta Nintendo da ake haɗawa da talabijin, tambayar farko da za ka yi masa ita ce zagaye nawa ya yi. In ya ce ɗaya to bai gama ba, wallahi rabi ya yi. Ni ban san da wannan maganar ba sai da ta same ni, domin da gangan na ƙi kallon bidiyon kowa a YouTube, na ce ina so in ga komai da idona kamar yadda yaran 1986 suka gani lokacin da kaset ɗin ya fito. Kuma har yanzu da nake rubuta wannan abin bai gama sauka daga ƙirjina ba.

Wanda bai san shi sosai ba, kamfanin Capcom ne suka yi shi, ya fara fitowa a injinan gidan gem a 1985, a Japan sunansa Makaimura, mutumin da ya tsara shi Tokuro Fujiwara. Na gida kuma wani kamfani ne Micronics ya mayar da shi, shi ya sa za ka ga hoton yana ɗan karkarwa kuma tafiyar ba ta da santsi kamar ta asalin. Da wannan na gidan na yi fama, a kan laftof da hannun gem na USB, kuma na sa wa kaina doka ba zan yi sebin ba, wato ajiye inda na kai, a tsakiyar mataki, abin da kaset ɗin ya ba mutum kawai zan yi amfani da shi, wato ci gaba bayan ka mutu, wanda shi dai ba ya ƙarewa. Kar ma wanda ya gwada shi da taɓa gilashin waya, ɓata rai kawai zai yi.

Kowa ya san labarin bugu biyu. Na farko sulken Arthur, jarumin da kake wasa da shi, ya tarwatse ya bar shi da gajeren wando, na biyu ya zube ya zama ƙasusuwa. Kowa kuma ya san tsallensa, da zarar ƙafa ta bar ƙasa shi ke nan ba gyara, inda ka nufa nan za ka sauka ko da tsuntsu na jiranka a wurin. Wannan duk ana sabawa. Maƙabartar farko da gawarwakin da ke tasowa ta ƙarƙashin ƙafarka, dajin da ke bayanta, ƙaton nan mai ido ɗaya da ƙaho a bakin ƙofa, duk sun zama hanyar gida a wurina. Mataki na biyu ma da ginin nan mai tsani-tsani inda ƙattin suke kai da komowa, kowane sai ka yi ta jifa kusan sau goma kafin ya faɗi ga agogo na gudu a sama, ya ci min rai amma na wuce. Jan aljanin nan mai fukafukai, Red Arremer, shi ne ya fara koya min hankali, za mu dawo kansa.

To a hankali a hankali na hau har mataki na shida, na kashe manyan nan guda biyu masu fukafukai da ke tsare ƙofa, na shiga ɗakin ƙarshe da garkuwa a hannu, na tsaya gaban Astaroth mai fuska biyu, ɗaya a kai ɗaya a ciki. Abin mamaki shi bai ma kai rabin wahalar hanyar da ta kawo ka wurinsa ba, ka matsa kusa ka yi tsalle ka jefa ka ja da baya. Ya faɗi. Na ajiye hannun gem ɗin a cinya, yatsuna na rawa, ina jiran in ga gimbiya Prin Prin da na zo ceto da kiɗan gamawa. Sai rubutu ya fito da wani gurɓataccen Turanci wai wannan ɗakin ba gaskiya ba ne, tarko ne da shaiɗan ya ɗana, in ci gaba da jarumta. Kafin in gama fahimtar me ake nufi sai ga ni a maƙabartar farko, kiɗan farko, gawar farko tana tasowa.

Ban taɓa jin gem ya yi min abu irin wannan ba. Ba fushi na fara ji ba, wani irin sanyin jiki ne, kamar wanda ya gama nome gona tas rana ta faɗi sai aka ce masa ai gonar maƙwabci ya nome. Na kashe laftof ɗin na tashi. Kuma abin da ya fi ci min rai da na dawo shi ne gane cewa babu wata alama ko ɗaya a duk tsawon hanyar da ke nuna maka haka za a yi. Taswirar da ake nunawa kafin kowane mataki tana nuna maka hanya daga maƙabarta zuwa can saman fada, ka ga ƙarshe da idonka, ka yi ta lissafi saura uku saura biyu saura ɗaya, ashe lissafin duk na rabin tafiya ne.

Na san dalilin, ba wai ban sani ba. Gem ne na injin da ake jefa wa kuɗi, duk mutuwa ciniki ce, mutum ya daɗe yana wasa da tsaba ɗaya asara ce ga mai shago, kuma zagaye na biyu hanya ce ta ninka tsawon gem ba tare da an zana ko bishiya ɗaya sabuwa ba. Amma wanda ya sayi kaset ya kai gida ai ya riga ya biya, me ya sa za a bar masa wannan? Sama da kwafi miliyan ɗaya da rabi aka sayar na NES, ka yi tunanin yara nawa suka zauna gaban talabijin suka ga wannan rubutun, a na'urar da ba ta ajiye komai, in aka kashe ta ko wuta ta ɗauke sai dai a faro daga tushe. Ni ko da nake da laftof mai batir sai da na ji abin a raina.

Yanzu ga abin da zagaye na biyu ya nuna min, wanda shi ne dalilin rubutun nan. Duk wurin da na wuce da sa'a a zagayen farko yana nan yana jirana. A zagayen farko mutum yana da wani tunani, in dai na tsallake nan sau ɗaya ba zan sake ganinsa ba har abada, sai ka riƙa kutsawa da ka, ka bari a fasa maka sulke da gangan don ka samu 'yan daƙiƙun nan da ba a iya taɓa ka ka ruga da gudu. Haka na wuce kogon mataki na uku inda Red Arremer suke jere, haka na wuce gadar wuta ta mataki na huɗu. Da a ce wani ya gaya min tun farko cewa sau biyu ake yi, da na tsaya na koyi kowane lungu tun a karon farko, domin a karo na biyu halittun sun ƙara zafi kuma sa'ar nan ba ta maimaita kanta. Sai da na koma ina koyon kogon nan kamar ban taɓa shigarsa ba, alhali a raina na riga na sa shi cikin abin da na gama. Wannan ne ya fi komai cin lokaci, kuma shi ya sa nake ganin ɓoye wa sabon ɗan wasa wannan sirrin ba gata ba ne, gara a gaya masa.

Red Arremer ɗin nan kuwa, duk wanda ya tsara shi ya san aikinsa, ba mamaki daga baya aka ba shi gem nasa na kansa, Gargoyle's Quest a Game Boy a 1990. Sauran halittun suna da hanyar da suke bi, ka haddace ka huta. Shi kuwa kallonka yake, ka jefa ya goce sama, ka tsaya ya sheƙo, ka gudu ya bi ka har cikin wasu halittun. Abin da ya yi min aiki shi ne in fara jifansa tun yana zaune daga nesa iya inda makami zai kai, in ya tashi kuma in daina jifa barkatai, in ja da baya kaɗan in jira ya sheƙo, sai in yi tsalle in jefa a daidai lokacin da ya miƙo ba zai iya gocewa ba. In ya sauka ƙasa yana takawa shi ma dama ce. Gudu dai ba ya raba ka da shi, kuma a zagaye na biyu wanda bai iya kashe shi ido da ido ba ba zai ga ƙarshen mataki na uku ba.

Sai maganar makami, wadda ita ce rabin gem ɗin. Biyar ne, mashi da wuƙa da bakin wuta da gatari da garkuwa, a na Japan gicciye ne a madadin garkuwar. Wuƙa ita ce sarauniya, tana fita da sauri tana tafiya a miƙe, in ka same ta ka riƙe ta da kyau, kuma mutuwa ba ta raba ka da makaminka, abin da kake riƙe da shi da shi za ka tashi. Wannan alheri ne in wuƙa ce, azaba ce in bakin wuta ne, domin shi lanƙwasa yake ya faɗi gabanka ya kama ci, kuma in biyu suna ci a ƙasa ba ka da abin jifa sai sun mutu, kana tsaye hannu rabbana Red Arremer na saukowa. Ga shi tukwanen da halittun ke ɗauke da su in suka fashe makamin yakan faɗo a tsakiyar hanya, wani lokacin a bakin tsani inda dole ta nan za ka bi. Na sha tsayawa ina auna tsalle don kawai in haye bakin wuta kar in taɓa shi, kamar shi ma maƙiyi ne.

Kuma na NES yana da wani ƙarin sharri, wasu manyan ba kowane makami ke kama su ba. Mashi ba ya yi wa macijin nan mai tashi na ƙarshen mataki na uku da na huɗu komai, gatari ba ya kama mai fukafukan ƙarshen mataki na biyar da na shida, garkuwa kuma ba ta kama mai ido ɗaya. Sannan in ka kai ƙarshen mataki na shida ba garkuwa a hannunka, ko ka kashe masu tsaron ƙofar ba za a bar ka ka shiga ba, mataki na biyar za a mayar da kai. Garkuwar kuma gajeren zango gare ta, sai ka matso har kana jin numfashin abu, amfaninta dai tana kashe abin da aka jefo maka a iska. To ka ga a zagaye na biyu sai ka sake yin wannan lissafin gaba ɗaya, ka riƙe wuƙa har inda za ta kai ka, ka san inda za ka sauya, ka kuma yi addu'a kar wani gatari ya faɗo maka a kan tsani bayan ka ɗauki garkuwar. Hawan mataki na shida karo na biyu, da ƙasusuwan da ke tashi suna tsalle da Red Arremer a wuri mai ƙunci, shi ne abu mafi wuya da na taɓa yi da hannun gem, ban cire Contra ba ban cire Ninja Gaiden ba.

Wasu ƙananan abubuwa da suka taimaka min: makullin da ke faɗowa bayan ka kashe bos, wato babban da ke tsare ƙarshen mataki, yana mayar maka da sulke, saboda haka in ka isa gabansa da gajeren wando kar ka karaya, ka dai kauce kar a buge ka ko sau ɗaya. Kar ka tsaya kana ta dukan dutsen kabari don jin daɗi, boka zai fito ya mayar da kai kwaɗo. In ka mutu sau da yawa a wuri ɗaya har ka fara danna maɓalli da ƙarfi, tashi ka sha ruwa, hannu mai fushi ba ya auna tsallen Arthur. Wanda kuma yake da shi a Nintendo Switch ko ƙaramar NES Classic ta 2016 yana son ya yi sebin, ni ba zan ga laifinsa ba ko kaɗan, amma shawarata ya yi a farkon mataki kawai, in ba haka ba zai wuce wurare bai koye su ba, zagaye na biyu kuma ya same shi yadda ya same ni.

Da na kashe Astaroth karo na biyu ban ajiye hannun gem ɗin ba, na riƙe shi gam ina kallon allo don ban yarda ba kuma. Gimbiyar ta fito, sai 'yan layukan taya murna da kuskuren rubutu a ciki har kalmar taya murnar ma ba a rubuta ta daidai ba, shi ke nan ladan zagaye biyu. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba, na kira ƙanina a waya a daren na gaya masa don shi ne muka taso muna gem tare, ya ce yaya ai sai ka shiga Super Ghouls 'n Ghosts na 1991 tunda shi har tsalle biyu ake yi a iska. Na ce masa shi ma sau biyu ake zagayawa, wannan karon na bincika kafin in taɓa, kuma zan shige shi da sanin haka tun daga matakin farko.