Abin da aski ya tona a jikin Auta

Shekara biyu ke nan Auta tana hannuna, kuma ban taɓa yin baƙon da ya gan ta bai riƙe baki ba. Goɗiya ce cikakkiya, shekararta biyar, amma gadon bayanta bai kai ƙuguna ba. Danda ce, fari da ja, ga geza har tana rufe mata ido. Yara in sun zo sai an yi da gaske ake raba su da ita. Yawan yabon nan ne ya hure min kunne, har na fara raya wa kaina cewa in na kai ta gasar nunin ƙananan dawaki, ajin nan da ake tsayar da doki da ragama kawai alƙali ya zagaya shi yana duba ƙira, babu mai ja da mu.

Allah ya taimake ni ban yi gaggawar cike takarda ba. Akwai wani dattijo da ya daɗe yana kiwon irin waɗannan dawakin, ya kuma sha zama alƙali a gasa. Na tura masa hotuna uku, ina jiran yabo. Amsar da ta dawo gajeriya ce: "Ɗana, gashi ka turo min. Ka yi mata aski, sannan ka kira ni in ga doki."

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Amma gaskiya ya faɗa. Waɗannan ƙananan dawakin in sanyi ya shigo suna tara gashi kamar tumaki, kuma gashin nan yana rufe komai: ramammen doki ya zama mai ƙiba, karkatacciyar ƙafa ta miƙe, gajeren wuya ya ɓace cikin geza. Shi ya sa masu gasa suke aske jikin gaba ɗaya kafin a shiga fili. Da yanayi ya yi ɗumi na sa inji na aske ta. Abin da ya fito daga ƙarƙashin gashin nan sai da na ja da baya na sake kallonsa. Kamar an musanya min ita.

Ranar da ya zo, da awo ya fara. Ya sa na tsayar da ita a kan daɓe mai daidaiton fuska, ƙafafu huɗu a daidaice, ya ɗora sandar awo. Na kai hannu zan nuna masa tudun kafaɗa, inda ake auna manyan dawaki, sai ya ture hannuna. A Amurka, inda manyan ƙungiyoyin rajistar wannan iri suke, a gashin ƙarshe na geza ake ɗora sanda, wurin da gezar ta ƙare a bayan wuya. Ƙungiyar AMHA, wadda aka kafa a jihar Texas a 1978, ba ta karɓar dokin da ya wuce inci 34, wato kusan santimita 86. Ɗaya ƙungiyar, AMHR, wadda reshe ce ta ƙungiyar masu ƙurun Shetland, ta raba nata gida biyu: na inci 34 zuwa ƙasa, da na sama da 34 har zuwa 38. Auta ta tsaya a 31. Na washe baki, don a zatona ƙanƙanta ita ce jarin.

Ya dube ni ya ce, "Awo ƙofa ce kawai. Ta shiga ƙofa. Yanzu mu ga abin da ta shigo da shi."

Sai ya sa ni durƙusawa. Da farko na ɗauka wasa yake, ashe nan ne karatun yake. Duk shekara biyun nan daga sama nake kallon Auta, kamar yadda mutum yake kallon kyanwa, kuma daga sama kowane ɗan ƙaramin abu kyakkyawa ne. Da na durƙusa idona ya zo daidai da haƙarƙarinta, na ja baya kamar taku goma, sai ya ce in manta da shingen da ke bayanta, in manta da tsawona, in tambayi kaina abu guda: da an hura wannan dabbar ta kai girman dokin hawa, zan so in mallake ta? Wannan ita ce ƙa'idar da alƙalai suke bi. Ana neman doki ne sak, mai daidaiton gaɓoɓi, wanda aka rage girmansa. In aka ɗauki hotonsa babu mutum babu komai a kusa, wanda bai sani ba ya rantse babban doki ne. Sai dawaki biyu sun yi kunnen doki a kyau sannan ƙanƙanta take raba gardama.

Na hura Auta a zuciyata. Abin da na gani bai yi min daɗi ba.

Ya ɗauko igiya ya raba jikinta gida uku: daga ƙirji zuwa bayan kafaɗa, daga nan zuwa ƙugu, daga ƙugu zuwa ƙarshen kuturi. Doki mai daidaito, kason nan uku kusan ɗaya suke. Na Auta na tsakiya ya ɗara sauran sosai. Bayanta dogo ne. Sannan ya auna zurfin ƙirjinta daga sama zuwa ƙasa, ya gwada da tsawon ƙafarta daga gwiwar hannu zuwa ƙasa, sai ga jiki ya fi ƙafa. Wato gangar jikin dokin inci 34 ce aka ɗora a kan gajerun ƙafafu. Inci ukun nan da nake taƙama da su, daga ƙafa aka yanke su.

Wuya kuma gajere ne, mai kauri, ya fito daga ƙasan ƙirji, kuma maƙogwaron a cike yake, babu wannan lanƙwasar da ke ba doki damar sunkuyar da kai cikin sauƙi. Masu gasa suna ɗaura wa dawakinsu wani ƙyalle a wuya don ya yi gumi ya rage kauri, na kuwa tambaye shi ko in sayo. Ya ce zai ɗan rage kauri, amma ba zai ƙara ƙashi ba. Kan ma ya ɗan yi wa jikin girma, ko da yake ya yaba idonta, manya ne, a buɗe, da tazara mai kyau a tsakaninsu. Kuturinta ya ɗan fi kafaɗa tudu. Da duƙushi ce da sai a yi mata uzuri, don ƙananan dawaki sukan fara girma ta baya kafin gaba ya kamo, shi ya sa ma sayen ɗan wata shida don gasa caca ce. Amma mai shekara biyar ta gama abin da za ta yi.

So hana ganin laifi. Duk wannan a gabana yake kullum safiya, ina goge ta, ina ba ta ciyawa.

A ƙafafu ya fi daɗewa, kuma a nan ne na fara samun sauƙi. Ya ɗaura ɗan dutse a zare ya saki daga tsinin kafaɗa. Zaren ya raba ƙafar gaba biyu daidai, ya bi ta tsakiyar gwiwa ya sauka tsakiyar kofato. Ya yi shiru, ya sake gwadawa a ɗaya ƙafar, sannan ya gyaɗa kai. Kafaɗarta kwance take da kyau, wajen digiri 45, kuma wuyan ƙafar da kofaton sun bi layi ɗaya babu karyewa. A baya, gwiwoyin sun ɗan leƙa juna irin na saniya. Wannan aibi ne da ya yi yawa a ƙananan dawaki, nata kuma kaɗan ne, amma alƙali yana tsayawa a bayan kowane doki takanas don shi. Ya kuma nuna min cewa kofaton bayan ya yi tsawo ta gefe ɗaya, wanda ke ƙara wa karkatar muni. Wannan laifina ne, ni na bar gyaran kofato ya wuce lokaci.

Sai ya buɗe bakinta. Ni ban taɓa sanin alƙali yana duba haƙori ba. Ƙaramin doki yawan haƙoransa ɗaya da na babba, kuma haƙoran ba su ƙanƙance daidai da yadda kan ya ƙanƙance ba, don haka cunkoso ya zama ruwan dare a cikinsu. Wani na sama ne ke zarce na ƙasa kamar bakin aku, wani na ƙasa ne ke turowa gaba. Duka biyun aibi ne babba a fili, kuma ana gadonsu. Na Auta sun haɗu cif. Ya sa na ja ta baya taku biyar, na juya ta a ɗan ƙaramin da'ira, yana kallon gaɓar cinyarta. Akwai wata matsala da ke yawan kama wannan iri, ƙoƙon gwiwar ya maƙale, ƙafar baya ta sandare doki ya riƙa jan ta har sai ta saki da kanta. Babu alamarta.

Ƙiba kam ta ci ni tara. Ya danna haƙarƙarinta da yatsu, sai da ya matsa sosai kafin ya ji ƙashi. A ma'aunin Henneke na auna ƙibar doki, wanda ke tafiya daga 1 zuwa 9, ana son doki ya zauna wajen 5. Ya ba Auta 7. Ya ce yawancin masu irin wannan dokin da ido suke ciyarwa, suna zuba abincin da zai ƙosar da wanda ya ninka shi huɗu, ƙarshenta kitse ya jawo kumburin cikin kofato. Amma ya ja min kunne sosai kada in yanke mata abinci farat ɗaya. Ƙananan dawaki da jakuna in suka daina ci kwatsam, kitse yana kwararowa cikin jini ya illata hanta, yana ma iya kashewa. A hankali ake ragewa, da awo.

Maganar da ta fi tsaya min a rai ita ce ta wadanci. Na ce masa, "To Baba, in gasa ba ta yiwu ba, ai sai in kai ta wurin ingarma mai kyau in samu ɗa." Ya daɗe bai amsa ba. Daga baya ya ce a zamanin da ake tseren wa zai fi fitar da ƙarami, an shigar da wadanni cikin kiwo, wasu bisa rashin sani, wasu da gangan, kuma jinin bai fita ba har yau. Wada a doki ba abin sha'awa ba ne: goshi a kumbure, haɓa ta turo gaba, ƙafafu a murɗe, ciki tulele, numfashi da ƙyar, rayuwa cikin ciwo. Masu bincike a Jami'ar Kentucky sun gano sauye-sauye huɗu a wata ƙwayar gado mai suna ACAN da ke haddasa shi, ana kiransu D1 zuwa D4. Doki yana iya ɗauke da guda ɗaya ya kasance lafiya lau a ido. In aka haɗa masu ɗauke da shi biyu, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na fitowa da matsalar. Bai ce Auta wada ce ba, kuma ba ita ba ce. Cewa ya yi goɗiya mai gajerun ƙafafu da dogon baya ba a kai ta barbara sai an gwada. Gwajin ba wahala, gashin geza ake tsigewa da saiwarsa a aika. Na aika. Sakamako ya dawo tana ɗauke da guda ɗaya. Maganar ɗa na ajiye ta a nan.

A ranar da ya zo ɗin, har ya kama hanyar tafiya sai ya juyo ya ce in sake ta a fili ya ga tafiyarta. Na cire ragama na tafa hannu. Auta ta ɗaga wutsiya ta kama sassarfa, ƙafar gaba tana miƙewa tun daga kafaɗa, ta baya tana shiga can ƙarƙashin ciki tana sauka a kan sawun ta gaba. Ta zagaya sau biyu, taku bai canza ba. Wata leda ta taso da iska ta gifta gabanta, ko kunne ba ta karkata ba. Dattijon nan da tun safe bai yi murmushi ba sai ga shi yana dariya.

"Kai ne ka zaɓa mata ajin da ba nata ba," in ji shi. "Wannan ta keke ce."

Ashe gasar ba tsayuwa a layi kaɗai ba ce. Akwai jan keken doki, akwai tsallake shinge mutum yana gudu a gefe riƙe da igiya, akwai bi ta cikin cikas, akwai ma ajin da ake sakin doki shi kaɗai a fili a ga rawar jikinsa sannan mai shi ya kamo shi cikin ƙayyadadden lokaci. Babba ba ya hawa irin wannan dokin, amma lafiyayyen guda ɗaya yana jan keke mai ƙafa biyu da babban mutum a ciki. A can, kafaɗa mai kyau, ƙafa madaidaiciya da sanyin hali sun fi siririn wuya daraja. Dogon bayan yana nan, alƙali zai gan shi, amma ba shi ne kan gaba a lissafi ba.

Yau wata uku ke nan muna aikin ƙasa. Ina sa mata kayan ja, in tsaya a bayanta riƙe da dogayen igiyoyi biyu, muna zagaya fili, tana koyon tsayawa da juyawa da murya. Ta sauko zuwa 6, kofaton baya ya daidaita bayan gyara biyu. Makon jiya na ɗaura mata tsohuwar taya ta ja a karon farko. Ta waiwayo ta dube ta, ta dube ni, ta yi atishawa ta ci gaba. Keken yana jingine a bango, dattijon ya ce kada in kusantar da shi sai ta iya tsayawa cik minti biyar ba tare da na riƙe ta ba. Jiya mun kai minti uku, sai wata akuya ta wuce.