Abin da CD36 ta koya mini a Wad Madani

A tsarin karatun aikin ɗakin gwaje-gwaje, kowane fanni da malaminsa da jarabawarsa: sinadaran jiki daban, ƙwayoyin cuta daban, ilimin jini daban. Haka aka karantar da mu a Wad Madani, a ƙasar Sudan, kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023. Ƙwayar gado ɗaya, CD36, ita ta nuna mini cewa jikin ɗan Adam bai san da wannan rabo ba.

A ajin sinadarai muka fara haɗuwa da ita. Tana kan kuromosom na 7, kuma furotin ɗin da take haifarwa yana zama a fatar ƙwayoyin tsoka, da na zuciya, da na kitse, kamar mai tsaron ƙofa, yana shigar da maiƙo daga jini. Zuciya da maiƙo ta fi samun ƙarfin bugawa, don haka aikin ba ƙarami ba ne. Idan mutum ya motsa jiki, ko insulin ya tashi, furotin ɗin da ke ajiye a cikin ƙwaya sai ya fito bakin ƙofa ya ƙara ɗiba. Har a harshe akwai shi. A 2005 masu bincike a Faransa suka nuna cewa ɓerayen da aka cire wa CD36 sun daina fifita abinci mai maiƙo. Duk wanda ya san daɗin agashe da man gyaɗa zai gane abin da ake nufi.

Sai kuma ga ta a darasin maleriya, kuma nan ne abin ya taɓa ni, don duk wanda ya tashi a Mai Wurno ko ƙauyukan Jazira ya san yadda zazzaɓin damina ke kayar da yara. Jar ƙwayar jinin da falsifarum, wato ƙwayar cutar maleriya, ta shiga takan fitar da wani furotin, PfEMP1, ta maƙale da CD36 a bangon ƙananan jijiyoyi, don kada jini ya kai ta saifa a hallaka ta. Shi ya sa a madubin gwaji galibi ƙananan ƙwayoyin maleriyar muke gani, manyan sun lafe. Amma fararen ƙwayoyin jini ma da furotin ɗin CD36 suke cafke ƙwayar da ta kamu su haɗiye. Da shi kuma suke haɗiye gurɓataccen kwalastarol har su kumbura su taru a bangon jijiya. Akwai mutane a Afirka da gabashin Asiya da aka haifa da ƙarancinsa, kuma binciken da aka yi kan ko hakan na kare su daga maleriya mai tsanani bai zo da amsa iri ɗaya ba.

A ɗakin ajiyar jini na haɗu da ita karo na uku. Wata malamarmu ta yi mana bayanin majinyacin da ake ta ƙara wa ƙwayoyin daskarar da jini amma adadin ya ƙi hawa. Na ce, "Dakta, ko jinin ne bai da kyau?" Ta ce ba lallai ba, wanda ba shi da CD36 sam jikinsa na iya ɗaukar na mai bayarwa a matsayin baƙo ya yaƙe shi.

Tun daga lokacin, in takardar gwaji ta zo hannuna ba na tsayawa kan layin da aka ce in cike. Nakan duba sauran sakamakon majinyacin, in kuwa wani abu ya ƙi daidaita, in tashi in je wajen likitan da ya turo shi.