Faifan da na rubuta wa suna alhali babu komai a cikinsa

Kusan mako biyu ina buɗe shagona na buga takardu da safe in tarar da kwamfutar tebur a kunne, fankarta tana juyawa, alhali da hannuna na kashe ta kafin in rufe. Da farko na zargi yaron shagon, Allah Ya yafe mini, daga baya kuma na yanke cewa bairos ne, na ƙuduri aniyar goge komai in sake ɗora Windows 7.

Kafin gogewar sai na ce bari in kwashe ayyukan mutane, mafi yawansu kundayen ɗalibai masu kammala karatu, in zuba a faifan DVD-R, tunda filashina ya cika. Da na saka faifan, Windows ta ba ni zaɓi biyu: ko a yi amfani da shi kamar filashi, ko a rubuta shi yadda kowace na'ura za ta karanta. Na ɗauki na biyu, na jawo foldodin cikin tagar faifan, na ga sunayensu sun jeru, na fitar da shi, na rubuta "Ayyuka" da maka a bayansa, sannan na yi fomatin.

Ashe a wannan zaɓi na biyu jawo fayil ba rubutawa ba ne. Windows tana tara fayilolin a wata folda ta wucin gadi mai suna Burn a cikin C, wato ɓangaren ma'ajiyar kwamfuta da Windows ke zaune a kai, suna jira a danna umarnin rubutawa, ni kuwa ban danna ba, kuma C ɗin nan ne na goge. Abin da ke ci mini rai har yau shi ne alamun duk sun bayyana a gabana. Hotunan fayilolin sun fito dishi-dishi da 'yar kibiya a jikinsu, wani ɗan saƙo ya leƙo daga ƙasan allo cewa akwai fayilolin da ke jira, na rufe shi ban karanta ba. Cika faifai mai gigabait 4.7 yakan ci wajen minti 6 ko da a gudun rubutu mai sauri na 16x, amma nawa ya "gama" ba tare da na ji na'urar ta yi gurnani ba. Ko juya faifan na yi a haske, da na gane, domin wurin da aka rubuta yakan sauya launi daga tsakiya zuwa waje.

Washegari na buɗe shago, sabuwar Windows tsaf, kwamfuta kuma a kunne kamar kullum.

Sai a lokacin na yi binciken da ya kamata in fara da shi. Na buga powercfg -lastwake, bai nuna komai ba, domin wannan umarni yana faɗin abin da ya tashi kwamfuta daga barci ne kawai, tawa kuwa a kashe take ɗungurungum. Hakan ya nuna matsalar ba ta cikin Windows. Na shiga BIOS, wato saitunan tushe na kwamfuta da ke aiki tun kafin Windows ta tashi, na kashe Wake on LAN (mai kunna kwamfuta ta wayar sadarwa) da agogon da ke kunna na'ura a ƙayyadadden lokaci, sannan na ci karo da Restore on AC Power Loss an saita shi a kan Power On, wato duk lokacin da wuta ta dawo kwamfuta ta tashi da kanta. Ta hannu na saye ta kwanan baya, kuma a 'yan makonnin nan cikin dare ake kawo mana wuta. Na zare wayar daga soket na mayar, nan take fanka ta kama. Na sauya saitin zuwa Power Off, gyaran da bai kai minti biyu ba.

Wanda zai yi irin wannan aiki, kada ya goge komai sai ya kai faifan wata kwamfutar ya buɗe fayil uku ko huɗu ya ga rubutun da idonsa, domin kwamfutar da ta tara fayilolin za ta ci gaba da nuna masa su ko da faifan wayam yake.

Manhajar dawo da fayiloli ta ceto mini wajen rabi, sunayensu a hargitse, sauran kuma sabuwar Windows ta hau kansu. Kundin wata ɗaliba sai da na sake buga shi daga rubutun hannunta, dare uku, ban karɓi ko sisi ba, kuma sai da na tara maƙwabtan shago na ba yaron nan haƙuri a gabansu.