Allon zuciya, mako na huɗu: gyaran toshewar reshen hagu

'Yan'uwa masu harhaɗa allon zuciya a Aboabo da Asawase, ga inda aiki ya tsaya. An kafa fitilun LED guda 40, nau'in WS2812B, a kan katako mai zanen zuciya, don su nuna yadda saƙon lantarki ke ratsa zuciya a kowane bugu; ƙaramar na'urar sarrafawa Arduino Nano ke tafiyar da su. Shida na ɗakunan sama ne, huɗu na kumburin AV da damin His (hanyar da saƙon ke bi daga ɗakunan sama zuwa na ƙasa), takwas na bangon tsakiya, takwas na ɗakin ƙasa na dama, sha huɗu na ɗakin ƙasa na hagu. Ido ba ya iya bin milisakan, don haka aka ninka lokaci sau 20: QRS, wato alamar kamawar ɗakunan ƙasa a zanen ECG (gwajin lantarkin zuciya), mai milisakan 150 yana ɗaukar daƙiƙa 3 a allo.

Gwajin farko na toshewar reshen hagu, wato reshen damin His da ke kai saƙo ɗakin ƙasa na hagu, bai yi daidai ba, kuma kuskure ne mai sauƙin faɗawa. An ƙara wa fitilun hagu jinkiri kawai, suka kama gaba ɗaya a makare. Zuciya ba haka take yi ba. A lafiyayyar zuciya, reshen hagu ne ke fara kunna bangon tsakiya, wutar ta ratsa shi daga hagu zuwa dama. Shi ya sa ake ganin ɗan ƙaramin q, ɗan nutson farkon QRS, a I da aVL da V6, layukan ECG masu kallon zuciya ta hagu. Daga nan zaren Purkinje, ƙananan hanyoyin saƙo da rassan ke ƙarewa da su, masu gudun mita 2 zuwa 4 a daƙiƙa, su watsa saƙon cikin ɗakunan biyu kusan lokaci guda.

In reshen hagu ya toshe, hanyar kanta ce ke sauyawa. Saƙo yana sauka ta reshen dama, ɗakin dama ya fara kamawa, sannan wutar ta kutsa bangon tsakiya daga dama zuwa hagu, ta cikin tsoka, ƙwaya tana miƙa wa ƙwaya. Gudun nan bai wuce rabin mita a daƙiƙa ba, kamar mai ƙafa da mai mota. Ƙetare bangon kaɗai yakan ci milisakan 30 zuwa 40. Wurin da ke kamawa a ƙarshe shi ne bangon hagu na gefe, can baya kusa da gindin zuciya ta sama. Tun da wutar ta nufi hagu daga farko har ƙarshe, q ɗin nan yana ɓacewa, V6 ta ba da R, tsinin QRS mai hawa sama, mai faɗi mai tsaga a kai, V1 kuma, mai kallon zuciya ta dama, ta nutse ƙasa. QRS ya kai milisakan 120 ko fiye, wato ƙananan murabba'i uku a takardar ECG mai gudun milimita 25 a daƙiƙa. Ma'aunin Strauss na 2011 ya fi tsauri: 140 ga maza, 130 ga mata, tare da tsagar a tsakiyar QRS.

Saitin da ke allo yanzu, a milisakan: ɗakin dama 0 zuwa 40, bangon tsakiya jere biyu, na dama a 10, na hagu a 45, sai fitilun hagu su biyo ɗaya bayan ɗaya daga 50 har 150. Jere biyun nan ba a yi musu rowa, domin da jere ɗaya ba mai ganin juyawar alkibla, alhali ita ce darasin.

A kula da hagu da dama. Hagun zuciya yana hannun daman mai kallo, kuma an like fitilu biyu a juye saboda haka.

Ta fannin lantarki, kowace fitila kan ja har miliamfa 60 in ta yi fari fes, 40 ɗin sun kai amfa 2.4, USB na kwamfuta ba zai ɗauka ba. A sa caja mai volt 5, amfa 3, da kafasita 1000 µF a bakin shigar wuta, da rasista ohm 330 a wayar bayanai. In launi na rawa, a duba ko wayar ƙasa ta caja da ta Arduino suna haɗe. In fitilu sun mutu daga wani wuri zuwa gaba, a bi kibiyar da ke jikin tsirin fitilun, galibi an like guda a baibai.

Saura maɓallin sauyawa tsakanin lafiyayyen bugu da toshewa, da fitilu masu launi dabam na hucewar tsoka bayan ta kama, don a nuna dalilin da T, alamar wannan hucewar a ECG, ke juya wa QRS baya.