Manyan Bairus da Matacin da Ya Ɓoye Su Fiye da Shekara Ɗari

A shekarar 1892 Dmitri Ivanovsky ya tace ruwan ganyen taba mai ciwo da matacin da ramukansa ke tare bakteriya, sai ya tarar ruwan da ya tsiyayo yana sa wa lafiyayyen ganye cuta. Martinus Beijerinck ya tabbatar da haka a 1898. Tun daga lokacin ƙanƙanta ta zama abin da ake gane bairus da shi, har ta kai masu bincike kan tace ruwan teku ko na kududdufi da mataci mai ramukan maikromita 0.2 (maikromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), su nemi bairus a cikin abin da ya wuce, su ajiye abin da ya maƙale a matsayin bakteriya. A ganina wannan ɗabi'a ce babban dalilin da ya sa manyan bairus suka daɗe ba a san da su ba, alhali suna nan cikin ruwa da ƙasa.

Labarin na farkonsu ya nuna haka ƙarara. A 1992 Timothy Rowbotham yana binciken ɓarkewar ciwon huhu a garin Bradford na Ingila, sai ya samo wata halitta a cikin amiba, wato ƙaramar halittar ruwa mai tantani ɗaya, daga ruwan hasumiyar sanyaya iska. Girmanta ya kai a gan ta da madubin likita na yau da kullum, don haka aka ɗauke ta bakteriya, aka adana ta kusan shekara 10. Sai a 2003 Bernard La Scola da Didier Raoult da abokan aikinsu a birnin Marsel na Faransa suka bayyana cewa bairus ce, wadda yanzu ake kira Mimivirus. Faɗinta, idan aka haɗa da gashin da ya lulluɓe ta, ya kai nanomita 750 (wato maikromita 0.75), yayin da bairus ɗin mura bai fi nanomita 100 da 'yan kai ba. Da aka karanta DNA ɗinta a 2004, an samu harufa kusan miliyan 1.2 da ƙwayoyin gado wajen 1,000. Bairus ɗin HIV, da duk ɓarnar da ya yi wa duniya, ƙwayoyin gado 9 kacal yake da su.

Abin da ya fi girman ɗaukar hankalina shi ne irin aikin da waɗannan ƙwayoyin gado ke yi. An daɗe ana koyarwa cewa bairus ba ya da hannu a haɗa furotin, domin wannan aiki ne na tantanin halittar da ya shiga. Amma Mimivirus tana ɗauke da wasu daga cikin kayan wannan aiki, kuma idan amiba ta haɗiye ta bisa zaton abinci ce, sai ta buɗe ɓawonta, ta zuba DNA ɗinta, ta gina wata masana'anta a cikin jikin amibar inda ake kwafar DNA ana harhaɗa sababbin 'ya'ya, har amibar ta fashe. Tupanvirus, wadda masu bincike suka bayyana a 2018 daga wani tafki mai kanwa a Brazil da kuma daga laka a zurfin teku, ta fi haka nisa, domin tana da sinadaran da ke ɗora dukkan nau'o'in amino asid 20, wato tubalan da ake gina furotin da su, a hanyar haɗa furotin. Ribosom, wato injin da ke haɗa furotin ɗin, shi ne ba ta da shi, kuma wannan rashi ne ke tilasta mata dogaro da jikin wata halitta.

A 2013 Jean-Michel Claverie da Chantal Abergel suka kawo Pandoravirus, ɗaya daga lakar gaɓar tekun Chile, ɗaya daga wani kududdufi kusa da Melbourne a Ostareliya. Ta Chile tana da harufan DNA kusan miliyan 2.5, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙwayoyin gadonta ba su yi kama da na wata halitta da aka taɓa nazari ba. Nan ne nake ganin ya kamata a zuba ƙarfin bincike, domin dubban furotin ne da ke jiran a gano aikinsu. Sai dai akwai wani tarnaƙi: yawancin manyan bairus da aka iya rainawa a ɗakin gwaji an kamo su ne da amiba nau'in Acanthamoeba, saboda ita ce mai sauƙin kiwo, don haka abin da ke hannu ya karkata ga masu cin irin wannan amiba. Karanta DNA kai tsaye daga ruwan teku da ƙasa ya nuna danginsu sun fi haka yawa nesa ba kusa ba.

Manyan bairus su ma suna kamuwa da cuta. A 2008 aka gano Sputnik, ƙaramin bairus da ke kutsawa cikin masana'antar babban bairus ya hayayyafa, ya sa 'ya'yan babban su fito da nakasa.

Game da asalinsu, masana sun rabu. Wasu suna ganin zuriyar wata tsohuwar halitta ce mai cikakken tantani wadda ta yi ta zubar da kayanta har ta koma dogaro da wasu, wasu ma suka ce reshe na huɗu ne na rayuwa, ƙari a kan manyan rassa uku da masana suka raba halittu a kansu. Wasu kuma suna ganin ƙananan bairus ne da suka yi ta tsintar ƙwayoyin gado daga halittun da suke shiga har suka ƙasaita. Ni hujjar ɓangare na biyu ta fi gamsar da ni, musamman bayan nazarin Klosneuvirus da aka samo a matatar ruwan datti a Ostiriya a 2017, inda aka ga kayan haɗa furotin ɗinta sun fito ne daga halittu daban-daban, ba daga kaka ɗaya ba. Duk da haka, tsintuwa kaɗai ba ta bayyana tarin ƙwayoyin gadon Pandoravirus marasa dangi.

Batun da ya fi shiga labarai shi ne na daskararriyar ƙasar Siberiya. A 2014 aka farfaɗo da Pithovirus, mai tsawon maikromita 1.5, daga ƙasar da ta shekara 30,000 a daskare, kuma ta kama amiba ta hayayyafa. Daga baya tawagar Claverie ta farfaɗo da wata mai kimanin shekara 48,500. Waɗannan ba sa kama mutum, kuma da gangan masu binciken suka taƙaita gwajinsu ga amiba don guje wa tayar da abin da zai iya kama mutum ko dabba. Amma damuwar da suka nuna tana da tushe, domin ƙasar tana narkewa saboda ɗumamar yanayi, ana kuma ƙara haƙar ma'adinai da mai a yankin, wanda ke kai ma'aikata kusa da lakar da ta daɗe a binne.